Kofur Francis Pegahmagabow: Adadin 378 Ko Takardun Asibiti?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Batun da nake so mu tattauna a wannan makon shi ne na wani sojan ƙasa na Kanada a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Kofur Francis Pegahmagabow, ɗan ƙabilar Ojibwe, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa, daga yankin Parry Sound a lardin Ontario. Duk inda aka ambaci sunansa, abin da ake fara faɗa shi ne cewa ya harbe sojojin Jamus 378, ya kuma kama wasu kimanin 300, har ana kiransa maharbin da ya fi kowa kisa a wancan yaƙi. A ganina wannan adadi ya binne mutumin da ransa, domin ya rufe abin da ya fi shi tabbas kuma ya fi shi nauyi, wato abin da shekara huɗu a fagen daga suka yi wa jikinsa da hankalinsa, da yadda hukuma ta juya takardun jinyarsa suka zama sandar dukansa bayan ya koma gida.

Ga tarihin aikinsa a taƙaice. Ya shiga soja a watan Agusta na 1914 a sansanin Valcartier da ke Quebec, aka sa shi a Bataliya ta 1 ta Runduna ta 1 ta Kanada. Sojojin Kanada sun ƙetare teku a watan Oktoba su kimanin dubu talatin, suka yi hunturu a filin Salisbury na Ingila cikin ruwan sama da taɓo, inda sanƙarau ya kashe wasu tun ba su ga abokin gaba ba. A watan Fabrairu na 1915 suka isa Faransa. Yana Ypres ta ƙasar Beljiyam a watan Afrilu lokacin da Jamus ta saki iskar guba, yana Festubert da Givenchy a wannan shekarar, yana Dutsen Sorrel a Yuni na 1916, an harbe shi a ƙafar hagu a yaƙin Somme, ya warke ya koma, ya yi Passchendaele a 1917, ya kwanta da ciwon huhu, ya sake komawa, ya yi yaƙin kogin Scarpe a Agusta na 1918. A ƙarshen wannan shekarar aka kai shi asibitin soja a Ingila, likitoci suka rubuta cewa hankalinsa ya ruɗe saboda tsananin gajiya. Sai a 1919 ya koma Kanada.

Baba Saje Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta bayaninka da kyau, kuma ban ƙi shi duka ba, amma ina jin tsoron kada mu mayar da jarumi majinyaci. Soja ba ya son a tuna da shi a kan gadon asibiti, yana son a tuna da aikin da ya yi, kuma aikin maharbi a wancan yaƙi ba ƙaramin abu ba ne. Mutum zai fita da dare daga ramin da sojoji suke fakewa a ciki, ya rarrafa cikin filin da ke tsakanin ramukan ɓangarorin biyu, inda babu komai sai waya mai ƙaya da gawarwaki da ramukan da igwa ta haƙa, ya kwanta a wuri guda tun kafin asuba har rana ta faɗi, ba ya motsi, ba ya tari, yana jiran wani ya ɗaga kai. Idan ya yi harbi ɗaya aka gane inda yake, to igwa da mashinga ne za su amsa masa.

Bindigar da ya riƙe ma abin lura ce. Ross ce, ƙirar Kanada, wadda ministan soja Sam Hughes ya nace a kanta. Ta ba sojoji kunya a Ypres domin tana cijewa idan taɓo ya shige ta ko aka yi harbi da sauri, har wasu suka riƙa jefar da ita suna ɗaukar Lee-Enfield ta sojojin Birtaniya da suka mutu, kuma a 1916 aka janye ta daga hannun sojan ƙasa. Amma maharba sun ci gaba da riƙe ta saboda saitinta daga nesa, domin su suna da lokacin goge ta da zaɓen harsashi mai kyau. Wanda ya rayu shekara huɗu yana wannan aiki, Malam, ya cancanci a fara da gwanintarsa kafin a zo kan ciwonsa.

Malamin Tarihi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ba gwanintarsa nake musu ba, adadin nake tuhuma. Rundunar Kanada ba ta da wani kundi na hukuma da ya tabbatar da 378, kuma idan aka kwatanta da Henry Norwest na Bataliya ta 50, wanda aka lissafa masa 115 kafin a kashe shi a Agusta na 1918, kuma ana ɗaukarsa cikin manyan maharban rundunar, za a ga tazarar tana buƙatar hujja mai ƙarfi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, lambobin yabonsa uku babu ko ɗaya da aka ba shi saboda harbi. Ta farko, Lambar Soja da aka ƙirƙira a 1916 domin ƙananan sojoji, an ba shi ita ne saboda kai saƙo a ƙarƙashin ruwan wuta a Ypres da Festubert da Givenchy. Ta biyu ta zo ne daga Passchendaele, ranakun 6 da 7 ga Nuwamba na 1917, inda ya riƙa zirga-zirga tsakanin bataliyarsa da rukunonin da ke gefenta, ya kuma jagoranci sojojin agaji da suka ɓata hanya zuwa inda ake jiransu. Ta uku kuwa ta ranar 30 ga Agusta na 1918 ce, kusa da dajin Upton, lokacin da harsashi ya kusa ƙare wa rukunin sojojin da yake ciki kuma ana shirin kewaye su, ya fita fili yana tattaro harsashi ya kawo musu har suka kori harin. Abin da hafsoshinsa suka gani da idonsu suka sa hannu a kai ke nan: mutum mai ceton rayukan 'yan uwansa.

Hajiya Nas:
Malam da Baba, ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren da na sani. Idan aka ce “an harbe shi a ƙafa, ya warke ya koma”, mai karatu na yau zai ɗauka ɗinki ne da allura da hutun mako biyu. A 1916 babu maganin kashe ƙwayoyin cuta irin wanda muke bayarwa yanzu, domin ba a gano fenisilin ba sai 1928, kuma bai shiga hannun likitocin soja ba sai a yaƙi na biyu. Ƙasar Faransa da Beljiyam gonaki ne da aka shekara ɗaruruwa ana zuba musu taki, saboda haka harsashi ko ɓarɓashin bam yana shiga nama ne tare da yagaggen tufafi da ƙasa mai ɗauke da ƙwayoyin sarƙe-haƙora da na ruɓewar nama. Abin da likita yake da shi shi ne wuƙa, ya yanke duk naman da ya mutu, ya bar ciwon a buɗe, ana wanke shi da wani ruwan magani mai suna Dakin ta cikin ƙananan bututu, a kuma yi wa majinyaci allurar rigakafin sarƙe-haƙora. Kafin ya kai ga wannan ma sai an ɗauko shi daga fili zuwa wurin likitan bataliya, daga nan zuwa wurin ɗaurin ciwo, sannan asibitin tantancewa da ke bayan fagen daga, sannan jirgin ƙasa zuwa babban asibiti a gaɓar teku. Kowane zango sa'o'i ne, kuma ruɓewar nama ba ta jira. A Somme kaɗai Kanada ta yi asarar fiye da mutum 24,000 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓata.

Duk da haka ni ba ƙafar ce ta fi damuna ba, huhun ne. Ranar 22 ga Afrilu na 1915 Jamusawa suka buɗe dubban tukwane suka saki fiye da tan 150 na iskar kilorin, ta fara afka wa sojojin Faransa, cikinsu da 'yan Aljeriya, waɗanda ke hagun 'yan Kanada, sannan ranar 24 aka sake sakinta kai tsaye a kan 'yan Kanada. Ba su da abin rufe fuska, sai tsumma da suka jiƙa da ruwa ko da fitsari suka toshe hanci. Kilorin idan ta haɗu da danshin maƙogwaro da huhu tana zama ruwa mai ƙuna, ta cinye fatar cikin hanyoyin iska, huhu ya cika da ruwa, mutum ya nutse alhali yana kan tudu. Wanda ya tsira sau da yawa yana tsira ne da tabo a ciki, kuma irin wannan huhu shi ne sanyi da danshi suke fara kamawa. Ban yi mamaki ba ko kaɗan da ya kwanta da ciwon huhu bayan Passchendaele. Kada kuma a manta da abin da kowane sojan rami yake fama da shi kullum: ƙwarƙwata mai kawo zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, da ruɓewar ƙafa saboda tsayuwa cikin ruwan sanyi, har aka wajabta shafa man kifi da sauya safa, hafsa yana duba ƙafafun mutanensa ɗaya bayan ɗaya.

Ɗalibi Daga Damagaram:
Iyayena, ina gaishe ku. Ina bin wannan muhawara da sha'awa, amma akwai abu biyu da suka ɗaure mini kai. Na farko, me ya kai mutumin da aka ƙwace ƙasar kakanninsa yaƙi domin sarkin waɗanda suka ƙwace ta? Na biyu, tunda an harbe shi kuma ya kwanta ciwo, me ya sa bai nemi sallama ba, ya yi ta komawa?

Lauya:
Ƙanena, tambayarka ta farko tana da amsa fiye da ɗaya. A 1914 wanda doka ta rubuta shi a matsayin ɗan asalin ƙasa mai rajista yana ƙarƙashin Dokar Indiyawa ta 1876 (Indiyawa shi ne sunan da Turawa suka sa wa 'yan asalin ƙasar), wadda ta ɗauke shi kamar yaron da gwamnati ke riƙo. Ba ya jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, kuma wannan haƙƙi bai samu ga dukkansu ba tare da sharaɗi ba sai a 1960. Gonarsa, kuɗin al'ummarsa, zaɓen shugabansu, duk suna hannun wani jami'i Bature da Ma'aikatar Harkokin Indiyawa ta ajiye a yankin, wanda ikonsa a kan mutanen yankin ya yi kama da na Di'o a zamanin Turawa, har ma ya fi shiga cikin gida. A farkon yaƙin ma gwamnati ba ta so a ɗauki 'yan asalin ƙasa soja ba, sai a ƙarshen 1915 ta sassauta da ta ga ana buƙatar mutane. Shi ya shiga tun a watan farko, kafin a tsaurara.

Duk da wannan matsayi, kimanin mutum 4,000 daga cikinsu suka shiga soja, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na mazajensu masu shekarun yaƙi. Wasu albashi ne ya ja su, dala ɗaya da senti goma a rana ga farabiti, wasu suna ganin yarjejeniyoyin da kakanninsu suka ƙulla da masarautar Birtaniya ne suka ɗora musu wannan nauyi, wasu kuma suna fatan idan sun zubar da jini tare da Turawa za a daidaita su da su a gida. Shi kansa maraya ne, mahaifinsa ya rasu yana ƙaramin yaro, wani dattijo ne ya rene shi a Shawanaga, kuma kafin yaƙi yana aikin hura wuta a jiragen ruwa a Manyan Tafkuna. A cikin rami, a karon farko a rayuwarsa, ana auna shi da abin da ya iya.

Baba Saje Mai Ritaya:
Ɗana, tambayarka ta biyu ni zan amsa ta. Soja ba ya neman sallama a tsakiyar yaƙi, kwamitin likitoci ne yake duba shi ya yanke ko ya isa komawa, kuma a 1917 rundunar tana cikin yunwar mutane har Kanada ta kafa dokar tilasta shiga soja. Ƙafar da ta warke ta iya ɗaukar kaya, ƙafar yaƙi ce. Ban da wannan akwai abin da farar hula yake wahalar ganewa, wato kunyar barin abokai. Mutum yana kwance a gado mai tsabta yana cin abinci mai zafi, amma zuciyarsa tana wurin waɗanda ya bari a taɓo.

An kuma ruwaito cewa kafin ya tafi wani dattijon Ojibwe ya ba shi wata 'yar jaka ta magani, laya dai, kuma ya yi imani ita ta tsare shi, duk da cewa shi ɗan ɗariƙar Katolika ne. Ba na shiga hukuncin wannan, amma na san abin da yake yi wa zuciyar soja idan ya gaskata cewa harsashinsa bai zo ba tukuna. Shi ya sa yake iya miƙewa inda wasu suke kwanciya. Ku duba Passchendaele: ruwan sama da igwa sun mayar da filin tafkin taɓo, ana tafiya a kan katakai da aka shimfiɗa, wanda ya zame da kayansa sai ya nutse. Janar Arthur Currie, kwamandan rundunar Kanada, ya yi hasashen asarar mutum 16,000 kafin a fara, aka tashi da 15,654 cikin kimanin mako biyu. A wannan wuri ne mutum ɗaya yake kai da komo cikin dare yana nemo waɗanda suka ɓata. Idan Malam ya ce wannan ya fi 378 daraja, to a nan ba ni da ja. Inda nake ja shi ne maganar ruɗewar hankali, domin ina ganin tonon asiri ne a riƙa yaɗa ta.

Dakta:
Baba, da girmamawa, ɓoye ta shi ne zai ci gaba da zaluntarsa. Tun a 1915 likita Charles Myers ya wallafa bayani a kan sojojin da suke rawar jiki, ko su makance ko su kurmance ko su daina magana ba tare da wani rauni a jiki ba, aka fara ɗauka girgizar bam ce take taɓa ƙwaƙwalwa. Da abin ya yi yawa, a 1917 hukumar sojan Birtaniya ta hana likitocin fagen daga rubuta wannan suna, ta ce a rubuta cewa ba a gano ciwon ba tukuna, domin tana tsoron yawan masu neman fita da kuma nauyin fansho. Kimanin 'yan Kanada 10,000 aka yi wa jinyar irin wannan ciwo, kuma masu bincike suna ganin adadin gaskiya ya wuce haka. A wannan yaƙi an harbe sojojin Kanada 25 bisa hukuncin kotun soja, 23 daga cikinsu saboda gudu ko tsoro, kuma sai a 2001 gwamnatin Kanada ta nuna nadama ta sa sunayensu a littafin tunawa da mazan jiya.

Abin da likitocin soja suka fahimta daga baya shi ne cewa jarumtaka tana ƙarewa kamar yadda ƙarfin jiki yake ƙarewa, kuma wanda ya fi daɗewa a wuta shi ya fi kusa da karyewa. Wannan mutum ya shiga rami a Fabrairu na 1915, yana cikinsa har watannin ƙarshe na 1918, lokacin da Kanada ta yi asarar fiye da mutum 45,000 a kwana ɗari. Kaɗan ne ƙwarai daga cikin waɗanda suka fara tare da shi suke tsaye a lokacin. Ba zan ɗora masa sunan wata cuta ta zamani ba, domin likita ba ya duba majinyacin da ya rasu fiye da shekara saba'in da suka wuce, kuma kalmomin da likitocin 1918 suke amfani da su ba su da iyaka tsayayya. Abin da zan iya cewa shi ne, rashin barci da zargin mutane da saurin fushi bayan irin wannan zama rauni ne na yaƙi, daidai da ramin da ke ƙafarsa.

Lauya:
Dakta ya kawo mu inda nake jira. Baba yana tsoron tonon asiri, amma asirin ai tun 1919 yake hannun wanda bai kamata ba. Kanada ta yi dokar zaunar da tsofaffin sojoji a 1917, ta faɗaɗa ta a 1919, ana ba su fili da rance mai sauƙi domin noma. Ga tsohon soja Bature, hukumar zaunarwa ce take duba takardarsa. Ga ɗan asalin ƙasa kuwa an miƙa aikin ga Ma'aikatar Harkokin Indiyawa ƙarƙashin Duncan Campbell Scott, wato jami'in yanki ne zai ce wane ya cancanta, wane bai cancanta ba. Pegahmagabow ya nemi rancen noma fiye da sau ɗaya aka hana shi, kuma lafiyar hankalinsa tana cikin abin da aka fake da shi. A daidai wannan lokaci an karɓe fiye da eka 85,000 daga filayen da aka keɓe wa 'yan asalin ƙasa a yammacin Kanada domin a zaunar da tsofaffin sojoji Turawa.

A 1921 mutanensa na tsibirin Parry suka zaɓe shi shugaba, ya riƙe har 1925, ya kuma yi kansila daga 1933 zuwa 1936. Ya yi ta karo da jami'in yankin, John Daly, a kan ikon al'umma da kuɗinta da filayenta, kuma amsar da jami'an suka samu mafi sauƙi ita ce su riƙa rubuta wa hedikwata a Ottawa, babban birnin ƙasar, cewa mai taɓin hankali ne. Ku lura da dabarar: ba sai an amsa ƙorafinsa ba, ya isa a nuna takardar asibiti. A 1927 aka ƙara wa dokar wani sashe da ya haramta tara kuɗi domin ɗaukar lauya a kan da'awar fili ba tare da izinin ma'aikata ba, aka bar shi har 1951. A 1933 kuma aka hana shugabannin al'umma rubuta wa ma'aikata kai tsaye, sai ta hannun jami'in da suke ƙara.

Baba Saje Mai Ritaya:
To ai Lauya ka ƙarfafa maganata ne. Da ba a rubuta wannan kalma a fayil ɗinsa ba, da Daly bai sami abin riƙewa ba. Shi ya sa har gobe soja yake ɓoye abin da ke damunsa, ya gwammace ya kwana ido biyu da ya je wurin likita a sa masa tambarin da zai bi shi har kabari.

Hajiya Nas:
Baba, laifin ba na rubutun ba ne, na wanda aka ba ikon karantawa ne. Takardar nan da ta faɗa hannun hukuma mai adalci, ita ce hujjarsa ta neman kulawa da diyya, domin tana nuna cewa ya shiga lafiya ya fito da ciwo. Kuma ni ban yarda a ce dole mu zaɓi ɗaya ba, ko dai lafiyarsa ƙalau an yi masa ƙazafi, ko kuma ba shi da lafiya maganarsa ba abin saurare ba ce. Mutum yana iya fama da mugun mafarki da fushi, kuma abin da yake faɗa a kan filin al'ummarsa ya kasance gaskiya tsantsa. Wanda aka ce ba shi da hankali shi ne ya yi gadi a masana'antar albarushi da ke garin Nobel kusa da Parry Sound a lokacin yaƙi na biyu, aikin da ba a ba wanda ba a amince da shi ba, kuma shi ne aka zaɓa daga baya babban shugaban wata ƙungiyar 'yan asalin ƙasa ta faɗin Kanada, ɗaya daga cikin waɗanda suka share fage wa Majalisar Al'ummomin Farko, babbar ƙungiyarsu ta yau.

Ɗalibi Daga Damagaram:
Na gode, iyayena. Na ga ana cewa da Bature ne da an ba shi babbar lamba, har ma Kuros ɗin Victoria, lambar jarumta mafi girma ta Birtaniya, kuma da bai tsaya a kofur ba bayan shekara huɗu. Shin wannan magana tana da tushe, Malam?

Malamin Tarihi:
Tana da ɗan tushe, ɗana, amma a riƙe ta da hankali. Gaskiya ne kwamandan bataliyarsa, Laftanar Kanar Creighton, ya ba da sunansa domin lambar da ta fi Lambar Soja daraja, aka rage ta a sama. Sai dai rage lamba abu ne da ya faru ga sojoji da yawa, farare da waɗanda ba farare ba, saboda haka ba za a iya tabbatar da wariya daga wannan kaɗai ba. Abin da yake tabbatacce shi ne, cikin mutum fiye da 600,000 da suka sa kakin Kanada a wancan yaƙi, waɗanda suka sami Lambar Soja sau uku ba su kai arba'in ba, kuma yana cikinsu. A fagen daga an ga aikinsa an kuma yaba, har Yariman Wales, magajin gadon sarautar Birtaniya, ya maƙala masa lambobinsa a Toronto a 1919. Wariyar da ba ta buƙatar hasashe ita ce wadda Lauya ya zayyana, domin tana rubuce a dokoki da wasiƙu masu kwanan wata. Ba shi kaɗai ya dawo ya tarar da haka ba: Fred Loft, tsohon hafsa ɗan ƙabilar Mohawk, ya kafa Ƙungiyar Indiyawan Kanada bayan yaƙin saboda irin wannan dalili, kuma ma'aikatar Scott ta yi ƙoƙarin cire shi daga rajistar 'yan asalin ƙasa domin ta karya shi.

Dakta:
Ina so in ƙarasa zancen huhun da Hajiya ta fara, domin shi ne ya kai shi ƙarshe. Masu rubuta tarihinsa sun ce a shekarunsa na ƙarshe a zaune yake barci, domin idan ya kwanta ruwa yana taruwa a huhunsa. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin masu ciwon ƙirji ya san wannan alama: huhun da ya daɗe da tabo yana tilasta wa zuciya yin aiki fiye da ƙarfinta, a hankali ta gaji, numfashi ya gagara a kwance. Ya rasu ranar 5 ga Agusta na 1952 a Parry Sound sakamakon bugun zuciya, yana ɗan shekara sittin da 'yan kai. Alƙaluman hukuma suna cewa Kanada ta rasa mutum fiye da 60,000 a yaƙin, wasu kimanin 172,000 suka ji rauni, kuma shi yana cikin kashi na biyu. Babu wani lissafi da ya tattara irinsa, waɗanda iskar 1915 ta ɗauki shekara talatin da wani abu tana cin su.

Baba Saje Mai Ritaya:
Na ji ku duka, kuma na karɓi maganar huhu da ta rance. Amma ku sani, lokacin da aka kafa masa mutum-mutumin tagulla a Parry Sound ranar 21 ga Yuni na 2016, da bindigar Ross a kafaɗarsa aka yi shi, kuma ginin hedikwatar wata ƙungiyar sojojin sintiri a sansanin Borden da aka sa wa sunansa, sojoji ne suka sa. Mutanensa da abokan aikinsa sun zaɓi yadda suke so a gan shi, ni kuma ina tare da su.

Lauya:
Baba, a wannan mutum-mutumin akwai gaggafa a hannunsa da barewar arewa a gefensa, wadda ita ce alamar zuriyarsa, saboda haka waɗanda suka tsara shi ba soja kaɗai suka nuna ba. Ga mai son ya duba da kansa kuma, Hukumar Adana Littattafai da Takardun Tarihi ta Kanada ta gama ɗora fayilolin sojojin wancan yaƙi a intanet tun 2018, fiye da guda 600,000, kyauta, kuma a cikin kowane akwai takardar shiga soja, katin albashi, ranakun shiga da fita asibiti da rahoton kwamitin likitoci. Wasiƙun jami'an yanki kuwa suna cikin takardun Ma'aikatar Harkokin Indiyawa a wannan hukuma. Ɗalibinmu na Damagaram, tunda kana jin Faransanci kuma shafin yana da harsuna biyu, ka nemo mana fayil ɗinsa, ka jero ranakun jinyarsa kusa da ranakun yaƙe-yaƙen da Malam ya lissafa, mu ga makonni nawa ake ba shi tsakanin sallama daga asibiti da komawa rami.